A Mayar wa Jan Igiya Gurbinsa a Olamfik

A watan Oktoba na 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙarin wasanni biyar a gasar da za a yi a Los Angeles a 2028. A cikinsu akwai kurket, wanda rabonsa da Olamfik tun 1900, da lakuros, wasan ƙwallo da ake yi da sanda mai raga a kai, wanda tun 1908 ba a sake ba da lambar yabo a kansa ba. Tun daga nan, duk inda aka taso da zancen tsofaffin wasannin da suka fita daga gasar, sai ka ji wani ya ambaci jan igiya, a kwashe da dariya, wai ashe an taɓa ba da zinariya a kan wasan yara.

Dariyar nan tana ɓata mini rai, domin yawancin masu yinta ba su taɓa kallon gasar jan igiya ta gaske ba. Abin da suka sani shi ne wanda ake yi a wajen biki, inda ake tara ƙatti a ƙarshen igiya, a ja da ihu, kowa ya zube a ƙasa.

Ra'ayina shi ne jan igiya ya cancanci komawa Olamfik. Abin da ya fitar da shi bayan 1920 rashin hukumar da za ta tsaya masa ne da rashin doka guda da kowa ya yarda da ita, kuma an magance duka biyun fiye da shekara sittin da suka wuce. Akwai hujjojin da ake kawowa a kansa, wasu marasa tushe, wasu masu nauyi, kuma zan bi su.

Yadda ya shiga, da yadda ya fita

Jan igiya tsohon abu ne. A kabarin Mereruka da ke Sakkara a Masar akwai zanen yara sun kasu biyu suna jan juna, shekara fiye da dubu huɗu ke nan. A 2015 hukumar UNESCO ta sa al'adun jan igiya na Kambodiya da Filifin da Koriya ta Kudu da Biyetnam cikin abubuwan gado na duniya. Amma waɗannan bukukuwa ne na manoman shinkafa, na roƙon damina mai albarka. Wasan gasa mai alƙali da ma'auni ya taso ne a ƙarni na 19 a hannun kulob-kulob na guje-guje da tsalle-tsalle, da sojoji, da 'yan sanda, musamman a Birtaniya da Suwidin.

Ta wannan ƙofar ya shiga Olamfik, a matsayin reshe na guje-guje da tsalle-tsalle. A Paris a 1900, ƙungiyar haɗin gwiwa ta 'yan Suwidin da 'yan Denmak, mutum shida, ta doke Faransa. A St. Louis a 1904 mutum biyar-biyar aka ja, kuma kulob-kulob na Amurka ne suka kwashe lambobin uku duka, zinariyar ta tafi Milwaukee. A Landan a 1908 aka koma mutum takwas, lambobin uku kuma suka faɗa hannun 'yan sandan Birtaniya: na tsakiyar birnin Landan suka ɗauki zinariya, na Liverpool azurfa, wani reshe na 'yan sandan babban birnin ya ɗauki tagulla.

Duba yadda adadin mutane ke sauyawa daga gasa zuwa gasa, shida, biyar, takwas. Duba kuma yadda ƙasa ɗaya ke shigo da ƙungiyoyi da yawa ta cinye komai. Wannan alama ce ta wasan da ba shi da mai shi.

Rigimar 1908 ta ƙara fito da matsalar fili. 'Yan sandan Liverpool sun fito da manyan takalman aikinsu masu ƙarfe a dunduniya, suka janye Amurkawa cikin ɗan lokaci kaɗan. Amurkawa suka kai ƙara cewa takalman sun saɓa doka. Alƙalai suka ce takalman aiki ne na yau da kullum, ba na musamman ba, suka kori ƙarar, Amurkawa kuwa suka fice daga gasar. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, domin dokar ba ta fayyace kaurin ƙarfe ko siffar dunduniya ba.

A Stockholm a 1912 ƙungiyoyi biyu kawai suka fito, sauran ƙasashen da suka yi rajista ba su bayyana ba. 'Yan sandan Stockholm suka ci ja na farko, a na biyu kuma aka yanke wa 'yan sandan Landan hukuncin faɗuwa saboda sun zauna a ƙasa. A Antwerp a 1920 Birtaniya ta ɗauki zinariya, Holan azurfa, Beljiyam tagulla. Daga nan Kwamitin Olamfik ya ɗauki matakin rage yawan wasanni da 'yan wasa, kuma wasan da ba shi da hukumar ƙasa da ƙasa da za ta yi magana da yawunsa shi ne mai sauƙin zubarwa.

In da a 1920 aka tambaye ni, da na ce cire shi daidai ne. Gasar da ƙungiya biyu kaɗai ke zuwa ba gasar duniya ba ce. Amma hukuncin 1920 hukunci ne a kan wasan 1920.

Abin da aka gina daga baya

Suwidin ta kafa ƙungiyarta ta ƙasa a 1933, Ingila a 1958, Holan a 1959. A 1960 aka kafa hukumar jan igiya ta duniya, TWIF, bisa ƙoƙarin George Hutton na Ingila da Rudolf Ullmark na Suwidin. An yi gasar Turai ta farko a Crystal Palace da ke Landan a 1965, gasar duniya ta farko kuma a Holan a 1975. Mata sun shiga gasar duniya a 1986. Jan igiya yana cikin Wasannin Duniya, wato gasar da ake shirya wa wasannin da ba sa Olamfik, tun karonta na farko a Santa Clara ta Amurka a 1981. Kwamitin Olamfik da kansa ya amince da TWIF, na wucin gadi a 1999, cikakkiyar amincewa a 2002.

Saboda haka wanda ya ce wasan ba shi da tsari, labarin shekara ɗari da suka wuce yake bayarwa.

"Ai wasan masu ƙiba ne, wanda ya fi nauyi shi ke ci"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma ita ce mafi rauni. A gasar TWIF ana ɗora ƙungiya a kan sikeli kafin wasa, kuma jimillar nauyin mutum takwas ba za ta wuce iyakar rukuninsu ba. Rukunonin maza sun haɗa da kilo 560, 600, 640, 680 da 720. Na mata akwai 500 da 540. Akwai kuma na gauraye, maza huɗu mata huɗu, kilo 580. Raba 640 gida takwas, kilo 80 ke nan kowane mutum. Raba 560, kilo 70. Waɗannan ba ƙatti ba ne, mutane ne masu jiki irin na kowa, sai dai babu kitse a jikinsu, domin kowane kilo na kitse kilo ne na tsoka da ƙungiyar ta rasa.

To idan nauyi ɗaya ne, me ke raba gardama? A nan ne ya kamata mai dariya ya tsaya ya saurara.

Igiya tana jan ɓangarorin biyu da ƙarfi iri ɗaya ne a kowane lokaci. Ba yadda za a yi wannan gefe ya ji ja fiye da wancan. Abin da ya bambanta shi ne yadda kowane ɓangare ke tura ƙasa da ƙafafunsa. Ƙungiyar da ta fi dasa dunduniya ta tura ƙasa, ita ce ke tafiya baya da igiyar. Hannu aikinsa riƙo ne kawai, cinya da ƙugu da gadon baya su ne ke yin jan.

Shi ya sa ƙwararren mai ja ba ya lanƙwasa gwiwar hannu. Yana miƙe hannuwansa, tafukan suna kallon sama, igiya ta bi ta gefen jikinsa kusa da hammata, ƙafafu a gaban gwiwoyi, ƙugu a ɗage, jiki ya kwanta baya ya zama kusan miƙaƙƙen layi daga dunduniya zuwa kafaɗa. Sabon shiga kuwa yana jan igiya zuwa ƙirjinsa da damtse, cikin daƙiƙa talatin hannun ya mutu. Ko ya saki ƙugu ya yi ƙasa kamar zai zauna, nauyinsa ya daina aiki a kan igiya, ya zama kaya ga na bayansa.

Sai kuma haɗin kai, wanda a nan abu ne da ido ke gani. Idan mutum takwas suka taka baya a lokaci ɗaya, da ƙafa ɗaya, da gajeren taku, ƙarfinsu na haɗuwa. Idan ɗaya ya riga sauran da rabin daƙiƙa, shi kaɗai ya ɗauki nauyin abokan hamayya takwas a wannan rabin daƙiƙar, kuma zai zame. Idan igiya ta yi hawa da sauka tsakanin dogo da gajere, ko ta karkace gefe, wani ɓangare na ƙarfin ya tafi a banza. Koci yana tsaye a gefe yana kallon ƙafafun abokan hamayya, yana ba da umarnin lokacin da za a riƙe da lokacin da za a matsa.

Ja tsakanin ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki yakan fara ne da tsayuwa. Kowa ya kwanta a kan igiya, babu mai motsi, ana jiran a ga wanda hannunsa zai fara gajiya. Wanda bai san wasan ba zai ce ba a yin komai, alhali a lokacin ne ake yin komai: ƙungiya na ƙara matsi kaɗan-kaɗan, tana saurarar igiya ta ji ko ɗaya gefen ya fara rawa. Da zarar ta ji sassauci sai ta fara takawa, taku na faɗin 'yan yatsu kaɗan, ba tsayawa. Yawancin ja na ƙarewa cikin 'yan mintoci, amma a gasar duniya ta 1988 a Malmö, Ailan da Ingila sun yi minti 24 da daƙiƙa 45 a ja guda a rukunin kilo 640. Duk wanda ya taɓa rataya a jikin sandar ƙarfe na minti ɗaya ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Horon ma ba na wasa ba ne. Kulob-kulob na kafa doguwar hasumiyar ƙarfe mai gargare a sama, a rataya nauyi a ƙarshen igiya, ƙungiya ta ja shi sama, ta riƙe, ta sauke a hankali, ta maimaita. Ana ƙara wannan da gudu da atisayen riƙo na watanni kafin kakar wasa.

Dokar da ta toshe ramukan 1908 da 1912

Igiyar gasa tsawonta ba ya gaza mita 33.5, kewayen kaurinta kuma tsakanin santimita 10 da 12.5. Akwai alama a tsakiyarta, da alama a mita huɗu ta kowane gefe, da wata a mita biyar inda mutum na farko ke kamawa. An ci ja idan alamar mita huɗu ta abokan hamayya ta ƙetare layin tsakiya da ke ƙasa. Ana sauya gefe bayan ja na farko don kada wani ya ci da kyawun ƙasa, idan kuma ana buƙatar na uku sai a jefa kwabo.

Alƙali na ba da umarni huɗu a jere: a ɗauki igiya, a miƙe ta da nauyin jiki, a tsaya cak, a ja. Ba a yarda a haƙa ramin ƙafa kafin wasa ba. Takalmi ba ya ɗaukar ƙusa ko wani abu mai tsini, ƙarfen dunduniya kuwa kaurinsa ba ya wuce milimita 6.5, kuma dole ya daidaita da tafin takalmin. Da wannan layi ɗaya aka kashe irin gardamar Liverpool. A gasar cikin ɗaki, wadda ake yi a kan shimfiɗar roba, takalmi mai shafaffen ƙasa ake sawa.

Laifuffukan sanannu ne: zama a ƙasa da gangan, dafa ƙasa da wani abu ban da ƙafa, maƙale igiya a cinya ko ƙarƙashin gwiwar hannu don hana ta motsi, bin igiya hannu bayan hannu, da zama ana tashi kamar mai tuƙa kwalekwale. Gargaɗi biyu ake yi wa ƙungiya, na uku ta faɗi wannan jan. Mutum na takwas kaɗai, turken ƙungiya, aka yarda igiya ta bi ta jikinsa: ta ƙarƙashin hammata ɗaya, ta ratsa baya, ta hau ɗaya kafaɗar, ragowar ta koma baya a sake. Babu ƙulli, babu naɗawa a hannu.

"Amma yana da haɗari"

Masu wannan magana suna da misalai, kuma misalan gaskiya ne. A 1978 a Harrisburg ta jihar Pennsylvania, ɗalibai fiye da dubu biyu suka ja igiyar nailan, ta tsinke, da yawa suka ji rauni, wasu suka rasa kan yatsu. A 1995 a Westernohe ta Jamus yara biyu suka mutu a wani ja na 'yan sikawut ɗaruruwa. A Oktoban 1997 a Taipei mutum kusan 1,600 suka ja igiyar nailan da ba ta kai ɗaukar nauyinsu ba, ta tsinke, mutum biyu hannunsu ya cire, sai da likitoci suka mayar.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan duka: taro mai yawa, da igiyar da ba a lissafa ƙarfinta ba. Nailan yana miƙewa idan aka ja shi, yana tara ƙarfi kamar robar danƙo, ranar da ya tsinke sai ya dawo da duk ƙarfin nan a kan na gaba. Wanda kuma ya naɗa igiya a hannu ko a wuyan hannu, to ya sa gaɓarsa a tarko. Gasar gaske mutum goma sha shida ne a kan igiyar zaren tsirrai mai kauri wadda ba ta miƙewa sosai, kuma doka ta hana naɗi. Raunin da ake samu a cikinta shi ne ciwon baya, da targaɗe, da saɓulewar fatar hannu, irin abin da ake gani a ɗaga nauyi da kokawa. Waɗancan masifu hujja ce ta a koya wa makarantu da masu shirya biki dokar wasan, kuma babu abin da ke yaɗa doka kamar a ga wasan a babbar gasa.

Hujjojin da ke da nauyi

Akwai biyu, kuma ba zan raina su ba.

Ta farko gurbi ne. Kwamitin Olamfik ya daɗe yana ƙoƙarin tsayar da yawan 'yan wasan bazara a wajen 10,500, kuma wasan ƙungiya yana cin gurbi da yawa a kan lambar yabo guda. Amsata ita ce kada a nemi duk rukunoni. A nemi guda ɗaya, na gauraye mai kilo 580, wanda aka riga aka gwada a Wasannin Duniya na 2022 a Birmingham ta jihar Alabama. Ƙasashe takwas, mutum takwas-takwas da ɗan canji ɗaya, mutum 72 ke nan, maza da mata a ƙungiya ɗaya, abin da Kwamitin ke ta nema a sauran wasanni. Ba a buƙatar gina sabon fili, ciyawar babban filin wasa ta isa, kuma kwana biyu sun ishe gasar. Mai kallo a talabijin kuwa ba ya buƙatar wanda zai fassara masa maki: ga alama, ga layi.

Ta biyu ita ce ta fi damuna. Har yau ƙwarewar tana hannun ƙasashe kaɗan: Suwizalan, Holan, Ingila, Ailan, Suwidin, Jamus, yankin Bask da ke tsakanin Sifaniya da Faransa, da Afirka ta Kudu wadda ta karɓi gasar duniya a Pretoria a 2010 da Cape Town a 2018. TWIF tana da mambobi fiye da hamsin, amma ba duka ke aika ƙungiya gasar duniya ba, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa babba ce. Wanda ya ce wasan bai game duniya ba tukuna, yana da gaskiya.

Sai dai a dubi Taiwan. Matanta sun ɗauki zinariya a Wasannin Duniya na 2005, suka ci gaba da ɗauka karo bayan karo, a wasan da Turawa suka riƙe shekaru da yawa. Ta makarantu suka bi, da koci masu bin dokar TWIF, da gasa a kai a kai. Wannan ya nuna tazarar ta horo ce, kuma ana iya cike ta cikin shekaru kaɗan. A dubi kuma lakuros da ƙwallon tuta, wato ƙwallon ƙafar Amurka da ake fizge ƙyalle maimakon kayar da mutum, da aka ɗauka don 2028, waɗanda ƙarfinsu ya fi taruwa a Arewacin Amurka. Golf ya dawo a 2016 bayan rabuwa tun 1904, rugbi ya dawo a shekarar bayan rabuwa tun 1924. Idan tsufa da ƙarancin ƙasashe masu ƙarfi ba su hana waɗannan ba, bai kamata a ce jan igiya kaɗai suka hana ba. Bambancin da ke akwai shi ne waɗancan suna da kamfanonin talla da kuɗin talabijin a bayansu, jan igiya kuwa wasan manoma da magina da ɗalibai ne da ke biyan kuɗin tafiyarsu daga aljihunsu. Gasar da ke cewa ta duniya ce duka ya kamata ta bar wuri ga wasan da ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya shiga ba tare da jirgin ruwa ko doki ko wurin iyo ba.

Tun gasar Tokyo, birnin da ke karɓar baƙunci yana da damar gabatar da wasannin da yake so a ƙara, kuma ta nan ce ƙofar da ta fi kusa. Kafin a ƙwanƙwasa ta, aikin yana kan TWIF da ƙungiyoyin ƙasashe: su kafa gasar nahiya mai ɗorewa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, su horar da alƙalai da koci a can maimakon jiran a zo Turai, su kuma sa ido kan yadda 'yan wasa ke matse jiki da ƙishirwa kafin hawa sikeli, domin wannan matsala ce a duk wasan da ake auna nauyi. Abin da sabon kulob ke buƙata kaɗan ne: igiya ɗaya mai ƙa'ida, sikeli, takalma, da shimfiɗaɗɗen fili mai tsawon mita arba'in zuwa hamsin.